Shekara uku ina shan maganin sanyi, ashe ƙari ne a mahaifa. Dole sai an cire ta?

Malamar Lissafi

Assalamu alaikum 'yan uwana mata. Ku yi haƙuri, bayanin zai ɗan yi tsawo, don abin ya daɗe yana cina, ban ma san ta inda zan gutsuro shi ba.

Shekarata 34, ina da yaro ɗaya, ya cika biyar. Bayan shi na yi ɓarin cikin wata biyu da 'yan kwanaki, tun daga nan shiru. Da can al'adata kwana biyar ce, ba daɗi ba ragi, har ranar zuwanta nakan sani. Wajen shekara uku da suka wuce ta fara canja hali. Daga biyar ta koma bakwai, yanzu kuwa sai ta yi tara, wani watan goma. Rana ta biyu da ta uku su ne tashin hankalin. Audugar mata mai kauri wadda aka yi don dare, ita nake sawa da rana tsaka, kuma ba ta kai ni awa biyu. Ga gudajen jini, wani ya kai rabin tafin hannuna. Da dare tawul biyu nake shimfiɗawa, duk da haka sai na tashi sau biyu ko uku.

Koyarwa nake yi. Darasi ɗaya minti 40 ne, in aka haɗa min biyu a jere ya zama 80. Akwai ranar da ina tsaye ina rubutu a allo na ji abin ya taho gaba ɗaya kamar an kwance famfo. Na ƙame da alli a hannu. Da ƙyar na juyo na jingina da allon, na ce wa yaran su buɗe littafi su yi tambaya ta ɗaya zuwa ta goma, sannan na bi bango a hankali har ƙofa ba tare da na ba su baya ba. Tun daga ranar duk kayan da nake zuwa aiki da su baƙaƙe ne.

Duk wanda na kai wa kuka amsarsa ɗaya: sanyi ne. Ƙawaye sun ce sanyi, mai sayar da magani ya ce sanyi, har wadda ba ta bari na gama bayani ba ta ce sanyi. Na sha ƙwayoyi kala-kala, an yi min allurai, na yi matsi har na gaji. Abin da na tsira da shi kawai ƙaiƙayi ne da farin ruwa mai kauri, waɗanda a da ba ni da su. In na faɗa sai a ce, "ai kin gani, sanyin ne yake fitowa, ci gaba da sha."

Ana cikin haka na fara kasa hawa benen da ajina yake, sai na tsaya a tsakiya ina haki, zuciyata na dukan uku-uku. Na kamu da son taunar ƙanƙara kamar mai sabon ciki. Fitsari kuwa ba a magana. Marata ta taso har abokan aiki suka fara yi min barka a kaikaice, wata ma ta ce "Allah ya raba lafiya." Murmushi na yi mata, na shiga banɗaki na yi kuka na ƙoshi.

Makon jiya jiri ya kwashe ni, maigida ya ce yau kam sai asibiti. Aka ɗebi jini, aka ce hemogulobin ɗina, wato ma'aunin yawan jini, 7.9 ne. Aka yi hoton ciki, sai ga abin da ake kira faibiroid, wato ƙarin mahaifa, har guda uku. Babban yana cikin naman bangon mahaifa ta gaba, santimita 7.2. Na biyu yana daga sama ta waje, santimita 3. Ƙaramin kuma 2.4, an rubuta wai ya leƙo cikin mahaifar. Da na dawo gida na ɗauko rular da nake koyarwa da ita na auna 7.2 a tafin hannuna, na daɗe ina kallo.

Likitan ya yi bayani, ba zan yi masa ƙarya ba, amma layi ya yi tsawo a waje, ni kuma tunda na ji ya ce "aiki" kunnuwana suka toshe. Ya rubuta min maganin ƙarin jini ya ce in dawo bayan mako biyu.

To don Allah waɗanda suka san abin nan: in an ce aiki, mahaifar za a cire ke nan? Ni ina son ƙarin haihuwa. Ba ya rikiɗewa ya zama kansa? Babu maganin da zai narkar da shi? Kuma sanyin da aka yi ta cewa ina da shi, shi ne ya taru ya zama ƙari, ko dai a banza na yi shekara uku ina haɗiyar ƙwayoyi?

Ummu Biyu

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, sannu. Da na karanta wurin da kika bi bango sai da tsikar jikina ta tashi, don ni kujerar mota na taɓa ɓatawa, ta mutane kuma. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, bari in faɗa miki yadda nawa ya kasance.

Ina da shekara 37 aka yi min aikin, kuma mahaifata tana nan a jikina. Aiki iri biyu ne, kada ki haɗa su. Akwai na ciro ƙarin kaɗai a ɗinke mahaifa a bar miki abarki, akwai kuma na cire mahaifar ɗungurungum. Na biyun yawanci waɗanda suka gama haihuwa ake yi wa tayinsa. Ni na farkon aka yi min. A hoto guda shida aka gani, da aka buɗe sai da aka ciro goma sha ɗaya, don ƙananan ba duka hoto yake kamawa ba. Da na farfaɗo mijina ya nuna min su a waya, an jera su a faranti: farare, dunƙulallu, kamar an murza roba. Na ce yanzu waɗannan ne suka hana ni sakat shekara huɗu?

Amma akwai abin da nake so ki ji daga bakina tun yanzu, kada ki fara jinsa ranar da aka miƙo miki biro. A takardar da za ki sa hannu za a rubuta cewa idan jini ya ɓalle ana cikin aiki aka kasa tsayar da shi, za su iya cire mahaifar don ceton ranki. Ni da na ji haka ajiye biron na yi na ce na fasa. Likitar ta zauna ta yi min bayani cewa ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma aikin ƙari aiki ne mai zubar da jini, shi ya sa ba sa son shiga da mace jininta yana ƙasa, kuma shi ya sa ake cewa a tanadi jini kafin ranar. Leda biyu aka tanadar min, ɗaya aka ƙara min.

Kafin aikin sai da na yi wata uku ana gina jinin. Suka haɗa min da wata allura, Zoladex, ana yin ta a fatar ciki sau ɗaya a wata. Ita tana kwantar da aikin ƙwan mace ne na ɗan lokaci, al'ada ta ɗauke, ƙarin ya ɗan motse, jini ya samu damar taruwa. Ta yi min amfani, amma na ji jiki. Ina zaune lafiya lau sai in ji zafi ya taso min daga ƙirji zuwa fuska, gumi sharkaf, da dare in yaye bargo in sake jawowa. Ga saurin fushi, har yarana suka san lokacin da ba a zuwa kusa da ni. Ba a daɗewa a kanta, an ce min iyakarta wata shida saboda tana rage ƙarfin ƙashi, kuma da an daina ƙarin yake komawa girmansa. Don haka ba warkarwa take yi ba, share fage ce kawai.

Bayan aikin, washegari suka tayar da ni wai sai na taka. Na ji kamar in rufe nas ɗin da duka, ashe taimakona take yi. Abin da ya fi damuna ma ba ɗinkin ba ne, iskar da ta cika min ciki ce. Kwana huɗu aka sallame ni, mako shida na dawo daidai. Al'adar farko da na gani bayan nan sai da na yi ta duba audugar ina mamaki, ashe haka sauran mata suke yi.

An ce in dakata wata shida kafin in nemi ciki. Bayan shekara ɗaya da rabi Allah ya ba ni, kuma tun farko aka gaya min tiyata za a yi min ba za a bar ni in yi naƙuda ba, saboda an yanka bangon mahaifar har ciki, ana gudun wurin ɗinkin ya buɗe. Yarinyar yanzu ta fara gudu. Ba zan ɓoye miki ba, hoton da na yi bana ya nuna wani sabo ƙarami ya fito. Suna iya dawowa. Amma ba ya damuna da komai, ido kawai aka sa masa.

Hajiya Babba

'Yata, ni dai shawarata kada ki yarda a taɓa ki da wuƙa. Likitocin yanzu abu kaɗan sai su ce aiki. Akwai wata da na sani, ita ma haka aka ce mata, ta ƙi, ta samu haɗin gargajiya ta yi wata biyu tana sha, ƙarin ya dinga fita guda-guda da idonta take gani. Kuma ina jin magungunan tazarar haihuwar nan da kuke sha su suke jawo muku wannan, da ba mu san shi haka ba. Ki dage da addu'a, Allah ya yaye miki.

Sista Mai Aikin Dare

Malama, sannu da jiki. Ma'aikaciyar jinya ce ni, na daɗe a ɗakin mata, masu irin matsalarki kusan kullum sai mun kwantar. Ban gan ki ba ban duba ki ba, maganar ƙarshe ta likitanki ce, amma zan taya ki fahimtar takardar da ke hannunki.

Bari in fara da 7.9 ɗin nan, don ita ta fi tsaya min a rai fiye da ƙarin. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, macen da ba ta da ciki in ta gaza 12 tana da ƙarancin jini, in ta gaza 8 kuwa ya yi tsanani. Hakin bene, bugun zuciya, jiri, har taunar ƙanƙarar, duk daga nan suke. Ƙanƙarar ma sananniyar alama ce ta ƙarancin ayon, wato sinadarin ƙarfe mai gina jini, a jiki, wasu ƙasa suke sha'awar ci. Jikinki ya saba ne a hankali shi ya sa kike iya tsayuwa a aji da wannan jinin. Ki riƙe maganin da aka ba ki da gaske. Zai mayar da bayan gida baƙi, yana iya sa shi tauri, ba abin tsoro ba ne. Kuma ko jinin ya dawo daidai akan ci gaba da sha kamar wata uku don ma'ajiyar jiki ta cika. In kuwa kika ga kina jiƙa auduga duk awa ɗaya har awa biyu a jere, ko numfashi yana yi miki wuya alhali kina zaune, ko kika suma, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki tafi a lokacin.

Mace mai lafiya jinin da take zubarwa a al'ada ɗaya bai cika wuce mililita 30 zuwa 40 ba. In ya haura 80, wato babban cokali biyar da ɗoriya, an shiga zubar jini mai yawa. Ba wadda take aunawa da cokali, shi ya sa muke tambaya: kwana nawa, auduga nawa, akwai gudaje, kina tashi da dare? Ke kin amsa duka tun kafin a tambaye ki.

Shi ƙarin, naman mahaifar ne da kansa yake dunƙulewa ya yi curi. Ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, ba a ɗaukarsa daga miji ko banɗaki, don haka duk maganin kashe ƙwayar cuta na duniya ba zai rage masa ko santimita ɗaya ba. Homon ɗin mace, wato sinadaran jikinta masu tafiyar da al'ada, istirojin da furojestaron, su suke ciyar da shi, shi ya sa yake girma a shekarun haihuwa ya kuma motse bayan al'ada ta ɗauke. Yana bin jini, in uwa ko 'yar uwa ta yi akwai yiwuwar ke ma, kuma ya fi kama baƙar fata da wuri. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2003, wanda aka yi wa mata hoton ciki ko suna da ƙorafi ko ba su da shi, ya nuna kafin shekara 50 sama da kashi 80 cikin ɗari na baƙaƙen mata suna da shi, fararen kuma kusan kashi 70. Mafi yawansu ba su ma san da shi ba har su tsufa. Batun kansa kuma ki kwantar da hankalinki, irin wannan ƙarin ba kansa ba ne. Akwai wata kansar naman mahaifa da take kama da shi, amma ba kasafai ake ganinta ba, balle a shekarunki, kuma duk abin da aka ciro sai an kai shi ɗakin gwaji.

Kin auna babban da rula kin tsorata. Mahaifar da ba ciki tsawonta santimita 7 ne zuwa 8, ke nan ya kai girman gidan da yake ciki, kuma tunda ta gaba yake, shi ne yake danne miki mafitsara yake tayar da marar. Amma ni ƙaramin nan da kika ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, shi na fi zargi. A harkar ƙari inda ya zauna ya fi girmansa muhimmanci. Na waje yana iya yin girma sosai mace ba ta zubar da jini ba. Wanda ya leƙo ciki kuwa, yana zaune ne daidai a kan shimfiɗar da take zubowa duk wata, kuma a nan ne ciki yake neman wurin kamawa. Irinsa ne aka fi dangantawa da zubar jini da ɓari da jinkirin samun ciki. Ba zan rantse miki shi ya jawo ɓarinki ba, ɓarin farkon ciki dalilansa suna da yawa, amma dole a yi maganarsa. Irin wannan sau da yawa ana iya cire shi ta bakin mahaifa da siririyar na'ura mai kyamara, ba tare da an yanka ciki ba, in akwai kayan aikin da wanda ya iya.

Magunguna akwai, sai dai na rage jini ne. Tiranekzamik asid ana shansa ne a kwanakin da jinin ya fi zuba kawai, yana ragewa sosai, ba ya hana ɗaukar ciki, amma ba a ba wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya. Ponstan da danginsa suna rage ciwo da ɗan jinin. Robar Mirena, wadda ake sawa a cikin mahaifa, tana aiki ƙwarai, sai dai tana hana ciki, kuma in ƙari ya lanƙwasa cikin mahaifa takan faɗo. Akwai kuma toshe jijiyoyin da suke kai wa ƙarin jini, wanda likitoci a Faransa suka fara ba da rahotonsa a 1995, amma ba shi ake fara zaɓa wa mai neman haihuwa ba.

Hajiya, Allah ya ƙara girma, ki gafarce ni zan ɗan saɓa miki. Abin da baiwar Allah nan ta ga yana fita guda-guda, gudajen jini ne, irin waɗanda Malama take gani duk wata. Ƙari nama ne mai tauri, a ɗakin tiyata ma sai an sa ƙarfi ake ɓanɓaro shi, ba ya narkewa ya zubo. Hoto kafin sha da hoto bayan sha shi zai raba gardama, gani ya kori ji. Ƙwayar tazarar haihuwa ma ba ita ke kawo shi ba, hasali ma akan ba wasu ita don rage jinin. Da ma akwai shi, na'urar hoto ce babu. Abin da yake ba ni tsoro shi ne waɗanda suke zuwa mana bayan shekara biyu suna jiran ya narke, jininsu ya koma 4 ko 5, an riƙo su ba sa iya tsayuwa. Addu'a kam muna tare da ke a kanta.

Sai maganar sanyi, wadda ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Kalma ɗaya mun ɗora mata cututtuka barkatai. Mai ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri, yawanci kandida ce, wato wani irin fungas da yake yaɗuwa a gaba. Mai ruwa tsinkakke da ƙarni, ƙwayoyin gaban ne suka rikice, maganinta daban, irin su Flagyl. Akwai waɗanda ake ɗauka ta saduwa, kamar kilamidiya da ciwon sanyi na ainihi, su ne masu haurawa sama su toshe hanyar ƙwai, kuma dole a yi wa miji magani tare. Kowanne da gwajinsa. Malama, ƙaiƙayin da kika samu ba sanyi ne yake fitowa ba. Akwai ƙwayoyi masu amfani da suke gadin gaban mace, magungunan da kika yi ta sha sun kashe su, kandida ta samu fili. Ki bar matsi da wanke ciki da sabulu, ki faɗa wa likita ya duba. Tunda kin haura 30, ki roƙi a yi miki gwajin kansar bakin mahaifa ma in ba ki taɓa yi ba.

In za ki koma, ki rubuta tambayoyinki a takarda, ki tafi da wanda zai taya ki saurare.

Auta

Ni ba ƙari gare ni ba, amma kalmar sanyin nan ta cinye min shekara tara. Tun ina 15 in al'ada za ta zo sai na yi birgima a ƙasa, ga amai, ga ciwo in zan yi bayan gida kamar ana soka min ƙusa. Aka ce in na yi aure zai daina. Na yi, ya ƙaru, har kwanciyar aure ta zama abin da nake tsoro. Hoton ciki sau uku ana cewa lafiyata ƙalau. Sai da wata likita ta leƙa cikin da kyamara ta cibiya ta ga endometiriyosis, wato irin shimfiɗar cikin mahaifa ce take tsirowa a waje, a kan ƙwai da bayan mahaifa, duk wata ita ma ta kumbura ta yi jini ba hanyar fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa tana da shi, wajen miliyan 190, amma ni ban taɓa jin sunansa ba sai ranar. Anti Malama, ke naki ya fito a hoto har da lambobinsa, ni ina ma na samu haka da wuri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in aka ce miki "haka kowace mace take ji" kada ki karɓa.

Malamar Lissafi

'Yan uwa na gode, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru ne don ina so in dawo da labari.

Na koma da tambayoyi tara a bayan takardar jarrabawa, maigida yana gefe. Wannan karon da likitan ya ga na zaro takarda sai ya yi dariya ya gyara zama. Ya zana min mahaifa a kan fayil ɗina, ya ɗiga guda ukun kowanne a mazauninsa, kuma Sista, kamar ya karanta abin da kika rubuta, ƙaramin ya zagaye da biro sau biyu. Ya ce shi bai taɓa nufin cire mahaifa ba, ni ce ban tsaya na ji ba. A ganinsa tunda babban yana danne mafitsara kuma ya fara tura bangon ciki, gara a buɗe sau ɗaya a kwashe su duka, maimakon a cire ƙaramin ta ƙasa a dawo wa babban daga baya. Maganar takardar sa hannu ma ya yi ta, na gode Yaya Ummu Biyu da kika riga shi, don da ban ji daga gare ki ba da na tashi na bar masa ofis.

Jinin ya hau zuwa 8.8, ya ce ba zai taɓa ni ba sai ya haura 10. An ɗebi ruwan gaba an gwada, kandida ce kawai, babu wani sanyi. Na tattara ragowar ƙwayoyin nan, leda guda cur, na rabu da su. Gwajin bakin mahaifa kuma an yi, sakamako bai fito ba tukuna.

Ya ba ni tiranekzamik ɗin, kuma al'adar ta zo a makon nan. Ba zan ce ta zama ta mutane ba, gudajen suna nan amma sun ƙanƙance, auduga tana kai ni awa uku da wani abu. Ranar Talata na yi darasi biyu a jere, minti 80 cur, har na tsaya amsa tambayar wata yarinya bayan an kaɗa ƙararrawa. Baƙaƙen kayan dai ban ajiye su ba.

Hajiya, na gode da addu'a, kada ki daina sa ni a ciki. Auta, sannu, naki ya fi nawa ciwo.

Abin da ya rage shi ne allurar. Ya bar min zaɓi, ko in yi ta wata uku jinin ya taru da sauri a yi aikin a dogon hutu, ko in tsaya a kan ƙwayoyin in ga inda za su kai ni. Yaya Ummu Biyu, zafin nan da kika ce yana taso miki, tun allurar farko ya fara ko sai daga baya? Kuma mutum zai iya tsayuwa gaban aji da shi?